Asalin Guguwar Damargu

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki wurin Barmo tela a Garin Aduwa, nan kusa da Ollelewa a ƙasar Damargu, ya san amsar da zai samu. Ka je ranar Litinin, ya ce saura kaɗan. Ka koma jajibirin Salla, ya ce saura kaɗan. Akwai wanda ya kai yadin rigar da zai sa ranar sunan ɗansa, bai karɓa ba sai da yaron ya yi haƙora. Shi ya sa kaf garin ba mai kiransa da sunansa zalla, sai Barmo Saura-Kaɗan. Ni da danga ɗaya ta raba gidajenmu na san yadda sunan nan ke ci masa rai, don ko akuya ta yi kuka a bayansa sai ya waiwaya ya ga ko da shi take.

Amma fa a baki ba shi da na biyu. Shi ne ya kama kura da kunne a dajin Belbeji. Shi ne ya tura motar gero da ta kafe a rairayi, direba na ciki yana barci. Ba wanda ya gani, kuma duk shekara kurar ƙara girma take yi.

Ana haka ƙanwarsa Zuhaira, wadda ke koyarwa a lakwal a Tanut, ta zo hutu da wani babban kaye, wato littafin zane, da alƙaluma masu launi. Wata ƙungiya a Damagaram ce ta nemi malamai su zana wa yara littattafan karatu, irin masu hotuna gida-gida, magana na fitowa daga bakin mutane. Sharaɗi ɗaya aka kafa: jarumin littafin ya zama ɗan ƙasar mai zanen, mai wani ƙarfi da ya wuce na mutane. Kwana goma ya rage mata ta kai.

Tana zaune a tsakar gida tana cizon alƙalami, Barmo ya leƙo ta kafaɗarta.

"Wannan mai ƙirji kamar rumbu wane ne, da ba shi da fuska?"

"Jarumin ne, Yaya. Ban samo masa fuska ba tukuna. Shi za a sa a bango."

"Bangon littafi? Wanda za a raba a lakwal-lakwal?"

"Daga Tanut har Damagaram."

Barmo ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya gyara hula, ya juya mata gefen fuskarsa mai kyau. "To zana. Kin yi sa'a ina gari."

Matarsa Ladi tana tankaɗe a ƙofar madafa. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Zuhaira, in kin zana shi ki bar ƙafa ɗaya, ki rubuta saura kaɗan."

Zuhaira ta danne dariyarta, ta nemi hanyar zillewa. Ta ce, "Yaya, ai jarumin irin wannan littafi ba fuska kawai ba ne, sai da asali. Shafin farko dole ya nuna abin da ya same shi har ya samu ƙarfin. Wani dabba ce ta cije shi, wani aradu ta faɗo masa, wani ya shiga inda ba a fitowa ya fito. Kai me ya same ka?"

"Kurar Belbeji fa?"

"Wa ya gani?"

Barmo ya miƙe. "Kwana goma kika ce? Ba ni uku. Zan kawo miki asali da shaidu. Suna ma na riga na raɗa: Guguwar Damargu. Daga ranar da littafin nan ya fito, duk wanda ya sake kirana da wancan suna, ɗansa ne zai gyara masa baki."

Ya fara da kaya. Abin da ya fi ba garin haushi shi ne a wuni ɗaya ya gama su. Ya ɗinka riga mai kama jiki da wando mai kama jiki, da baƙin ƙyalle na rufe ido, ya naɗa hoton guguwa da jan zare a ƙirji. Ya kuma yi wani mayafi mai faɗi da zai riƙa kaɗawa a bayansa, amma shi ya ɓoye shi a ƙarƙashin keken ɗinki, don daga atamfar Ladi ya yanko shi, wadda ta ba shi ɗinkin biki tun wata huɗu. Da la'asar ya fito ƙofar shago ya kama ƙugu.

Tsohuwa Bintu, maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli, ta tsaya ta kare ido da hannu. "Barmo, tallar maganin sauro ka koma?"

"Guguwa ce, Inna."

"Wallahi irin na kunnawar nan ne sak. To rigar jikata da ka riƙe tun kaka fa?"

Ya buɗe baki, mutanen da ke wurin suka riga shi: "Saura kaɗan!"

Aradu ba ta samuwa, don rani ne, sama fes. Saboda haka ya koma kan cizo. Washegari ya bi bayan rumbuna yana ɗaga duwatsu, mutum bakwai na biye da shi a matsayin shaidu. Ya ɗaga na farko, ƙadangare. Ya ɗaga na biyu, kashin jaki. A na biyar ya samu kunama baƙa, ya miƙa mata hannun hagu yana yi mata kirari. Ta ƙi. Ya sa hannun dama zai gyara dutsen, wata da bai gani ba ta harbe shi a babban yatsa, wanda yake tura yadi da shi.

Ihun da ya yi, jakunan garin sai da suka amsa. Ya yi tsalle, ya faɗi, ya tashi, yana cewa, "Ƙarfin ne ke shiga! Ku matsa, ƙarfin ne!" Ya ruga gida ya rungumi turmin Ladi zai ɗaga sama da hannu ɗaya. Turmin ya tashi kamar taƙi guda, ya dawo kan ƙafarsa. Ladi ta ɗaure masa yatsa, ta ɗaure masa ƙafa, ta ce, "Maigida, ƙarfin ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Allah ya kyauta."

Kwana biyu yana ɗingishi. Rana ta uku da azahar wata guguwa ta taso daga gonaki, doguwa, tana murɗa kara da ledoji. Kowa ya kauce yana a'uziyya, Barmo kuwa ya jefar da almakashi ya bi ta da gudu yana ɗingishi, wai in ya shiga cikinta sunansa ya tabbata. Ya yi dama ta yi hagu. Ya yi hagu ta tsallake danga. Ya tsallake, wandon mai kama jiki ya ce ɓarrr. Ya cim mata daidai tsakar gidan Bintu, inda ta shanya gyaɗa, ya taka tabarmar, gyaɗa ta kwashe shi. Guguwar ta wuce da hularsa wajen Tarka, shi kuwa Bintu ta raka shi har ƙofar gida da muciya.

Zuhaira ta ce, "Yaya, don Allah ka bari haka. Zan sa ka a shafi na huɗu, kana ɗinka wa jarumin riga."

"Ni? A shafi na huɗu? Kin ce akwai wanda ya shiga inda ba a fitowa ya fito ko? To ki caja salularki. Jibi ki same ni bakin rijiya."

Rijiyar Garin Aduwa gaba hamsin ce. In ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai wani ɗan haske can ƙasa kamar ƙwayar gero. Ba a janta da hannu. Babban guga na fata ake zurawa, wanda muke kira wasaki, igiya ta bi ta kan icce mai juyawa, a ɗaura wa dabba, ta yi ta tafiya har wasaki ya iso baki. Hanyar da dabbobi suka tattake ta miƙe tun daga rijiya har gindin wata aduwa, can nesa. Shirin Barmo shi ne a zura shi ƙasa, a fizgo shi da gudu, ya ɓullo daga bakin rijiya hannu a sama, mayafi na kaɗawa, Zuhaira ta ɗauki hoto, garin ya shaida.

Sani mai kula da rijiya ya ce ko kusa. Rijiya ba wurin wasa ba ce, shanunsa kuma ba su jan mahaukata. Barmo ya tuna masa wasakinsa sabo da ya tsinke ya faɗa ciki makon jiya, ƙugiya ta kasa kamowa. Sani ya sosa ƙeya ya ce, "In za ka fito mini da shi, shiga. Amma sai bayan an shayar da dabbobi, kuma shanuna kiwo za su. Nemi abin janka."

Bayan dabbobi kuwa lokacin mata ne. Barmo bai ga wannan a matsayin matsala ba, ya ce ƙarin shaidu ne.

Abin ja kuma ya san inda zai samu. Taubashinsa Manzo, mutumin Tarka, yana da wata taguwa, raƙumar da ake labarinta. Shekara goma sha ɗaya tana jan ruwa a rijiyar gidansu ba mai riƙe mata akala. Da kanta take tafiya, da kanta take tsayawa, ta juyo ta dawo, ta sake komawa. Barmo ya buga masa waya.

"Bawana, kawo taguwar nan, ubangidanka zai tashi sama."

Manzo ya ce, "In dai don in ga an zura ka rami ne, ko a kaina zan ɗauko ta."

Ranar da aka sa, hantsi na ɗagawa, bakin rijiya ya cika. Mata sun jera jarkoki da tuluna sun fi sittin, maza sun bar fira sun zo, Bintu ta kawo ƙuli-ƙuli ta kafa kasuwa. Sai ga Barmo ya taho a hankali, ido a rufe da baƙin ƙyallen da hudarsa ɗaya ta fi ɗaya sama, shi ya sa yake tafiya a karkace. A bayansa mayafi na kaɗawa, shuɗi mai furanni rawaya.

Ladi ta ajiye jarkarta. "Maigida, wannan ba atamfata ba ce?"

"Aronta na yi wa tarihi."

"Ta bikin Fatimatu? Wadda ka ce saura hannu ɗaya?"

"Ladi, gaban jama'a muke."

"Shiga ka fito," in ji Ladi. "Ina nan."

Ya tsaya cikin wasaki, Sani ya ɗaure masa ƙugu da igiya tamau. Kafin a zura shi ya ɗaga hannu ya yi jawabi. Ya ce yau Barmo tela zai shiga, amma wanda zai fito wani ne daban, kowa ya kalli fuskar nan da kyau don gobe sai a littafi. Maza shida suka zura shi a hankali. Jawabin ya yi ta ƙanƙancewa har ya koma kamar kukan sauro, sannan aka ji tsulum.

"Ruwan da sanyi!" muryar ta taso daga ƙasa. Jim kaɗan ta ƙara, "Na samu wasakin! Ku ja!"

Manzo ya ɗaura igiya a sirdin taguwa, ya daki cinyarta, ya koma inuwa ya harɗe hannu. "Ku kalli aiki. Ba ruwanta da kowa."

Taguwa ta miƙa wuya ta kama hanya. Igiya ta ɗaure, icce ya fara kuka, Zuhaira ta saita salula a bakin rijiya. Muryar Barmo ta fara girma, yana yi wa kansa kirari: "Ga Guguwa nan tafe! Na Damargu, mai murɗa kara! Ku ba ni wuri!" Mata suka ja da baya, Bintu ta rufe tirenta.

Taguwa ta yi tafiyarta, ta wuce rabin hanya da kaɗan, sai ta tsaya cak. Tsakaninta da aduwa akwai sauran tafiya. Ta ɗan jira, daidai lokacin da ake juye wasaki a kwamin shayar da dabbobi, sannan ta juyo abinta ta nufo rijiya. Nauyin Barmo na janta, har da ɗan sassarfa. Kirarin ya koma ihu, ihun ya ƙanƙance, aka ji tsulum.

Kowa ya leƙa rijiya. Daga can ƙasa aka ji tari, sannan, "Gwaji ne! Wannan gwaji ne!"

Kafin kowa ya motsa, taguwa ta iso bakin rijiya, ta juya ta sake kama hanya kamar yadda ta saba. Barmo ya sake tasowa, wannan karon kirarin gajere ne. Sani ya leƙa ya ce yana hango furanni rawaya. Wani ya tambaya ya iso? Sai garin gaba ɗaya, ba wanda ya shirya, ya amsa: "Saura kaɗan!" Taguwa ta kai daidai inda sawunta na farko ya tsaya, ta jira, ta juyo. Tsulum.

Sani ya kama rigar Manzo. "Kai, rijiyarku ta Tarka gaba nawa ce?"

Manzo yana ƙasa yana riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ƙyar ya ce, "Talatin."

"Tamu hamsin ce, wawa!"

"To ai ba ta sani ba! Ni ma ba wanda ya tambaye ni!"

"Tashi ka kora ta gaba!"

Manzo ya ruga ya tarar da ita a zuwa na uku, daidai wurin tsayawarta. Ya ja akala, ta ƙi. Ya tura ta baya, ta yi masa gunji. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa ƙara taku ɗaya a kan talatin ba, ba kuma za ta fara yau don wani tela ba. Maza huɗu suka taru a kanta, mai sanda, mai hula, mai lallashi. Da abin ya ishe ta sai ta durƙusa a wurin, ta naɗe ƙafafu, ta kama tuƙa.

Barmo ya tsaya a rataye, gaba ashirin tsakaninsa da sama, talatin tsakaninsa da ruwa, yana juyawa a hankali. Maza suka shiga gardama. Wannan ya ce a bi shanun Sani, wancan ya ce sun yi nisa. Wani ya ce a kira mota daga Tanut, wani ya ce a sa wa taguwa barkono. Manzo ya ce duk wanda ya taɓa masa taguwa da barkono sai sun je gaban maigari. Ana cikin haka Sani ya ga igiya ta fara sili-sili inda take gogar icce, dariyarsa ta ɗauke.

Sai wata murya ta taso daga rijiya, ba kirari a cikinta ko kaɗan. "Ladi. Ladi, kina nan? Hannuna ya mutu."

Na kalli Ladi a lokacin, na ga fuskarta ta canza. Tsoro ne ya kama ta, na gaske, haushin atamfa duk ya tafi. Ta kwance ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi, ta ture Sani gefe, ta leƙa. "Ina nan. Saki wasakin Sani, ka riƙe igiya da hannu biyu, ka rufe bakinka." Ta juya wajen mata. "Ku kuma kallo kuka zo? Tun safe muke jiran ruwa, maza na shawara. Kowa ta kama!"

Ta ɗora igiya a kafaɗa. Mata suka zubar da jarkoki suka jeru a bayanta, har Bintu, ta danƙa wa Manzo tirenta ta ce ya ƙirga da ido. Ladi ta ba da murya irin ta daka, suka amsa, suka taka. Suka wuce maza, suka wuce taguwa tana kallonsu tana tuƙa, suka miƙe hanyar nan ƙura na tashi, ba su tsaya ba sai gindin aduwa.

Guguwar Damargu ta ɓullo daga bakin rijiya da baya, ƙafa ɗaya a sama, ƙyallen ido ya koma kan kunne, mayafi ya naɗe masa wuya, wani ɗan kwaɗo zaune a kan maganin sauron ƙirjinsa. Sani da wasu suka jawo shi suka shimfiɗa kusa da kwami. Ya yi aman ruwa, ya buɗe ido ɗaya, ya nemi ƙanwarsa.

"Kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Yaya," in ji Zuhaira. Ba ta faɗa masa ba cewa tun ɗazu wajen aduwa, inda matan suke, ta juya salular.

Sani ya ce, "Wasakina fa?"

Ladi ta iso tana haki, kafaɗarta ta saɓule. Ta durƙusa ta taɓa goshinsa, ta tabbatar yana numfashi daidai. Sannan ta warware atamfarta daga wuyansa, ta matse, ta yafa a kafaɗar da ta ji ciwo, ta ɗauki jarkarta ta koma kan layi.

Bayan damina littafi ya iso a motar kasuwa. Barmo ya bar keke yana juyawa ya fizge kwafi ɗaya. A bango ga wata mace, igiya a kafaɗa, shuɗin mayafi mai furanni rawaya yana kaɗawa a bayanta, mata sittin na biye. A sama an rubuta Guguwar Damargu da manyan baƙaƙe. Ya buɗe shafin farko, ga rijiya, ga ƙafa ɗaya ta leƙo daga ciki da yagaggen wando.

Ya daɗe yana kallo, mu kuma muna kallonsa. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya ɗaga littafin sama ya buga yatsa a kan ƙafar.

"Shafin farko! Kun gani? Malamar da kanta ta ce ba jarumi sai da asali. To in ban shiga rijiya ba, wa zai san ta? Ni ne asalin!"

Ya kafa shafin da ƙusa a saman kekensa. Tun daga ranar yaran lakwal suka fara kiransa Mijin Guguwa, manya suka ɗauka, shi kuma yana amsawa tun kafin a rufe baki.

Da yammacin ranar Ladi ta shigo shago, cike da mutane. Ta ajiye sabuwar atamfa a kan keke. A gefenta ta ajiye guntun igiyar rijiya, a naɗe.

"Maigida, yaushe zan karɓa?"

Barmo ya buɗe baki. Kowa a shagon ya shirya amsawa. Ya kalli atamfa, ya kalli igiya.

"Zauna," in ji shi. "Yanzu za ki tafi da ita."